Tambayoyi da Amsoshi Kan Siffofin Abubuwa Masu Rai da Yadda Ake Karkasa Su

Darasin abubuwa masu rai yana cikin darussan farko da ɗalibi ke tararwa a ajin kimiyyar halittu, kuma sau da yawa akan bi ta kansa da hadda kawai: a jera siffofi bakwai a kan allo, a haddace wasu sunaye na Latin, a wuce gaba. Wannan hasara ce babba, domin darasin yana magana ne a kan gero da waken da ke gonakinmu, da akuyar da ke ɗaure a turke, da ƙwayar cutar da ke kwantar da yara da damina. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun, tare da amsoshinsu.

Da me ake gane cewa abu yana da rai?

Masana ba su dogara da alama guda ɗaya ba, sai sun ga siffofi da dama sun haɗu a jikin abu kafin su yanke hukunci. Abu mai rai yana ci, ko dai ya nemo abinci daga waje ko ya haɗa nasa da kansa. Yana sarrafa abincin a cikin jikinsa don ya fitar da kuzari, kuma wannan aikin ne masana ke nufi idan suka ce numfashi, domin shaƙar iska da fesar da ita mataki ne kawai na kai iskar inda ake bukatarta. Yana fitar da dattin da wannan aiki ya haifar, yana girma, yana motsi, yana jin abin da ke faruwa a kewayensa ya mayar da martani, sannan yana haifar da irinsa.

Akwai wurare biyu da ɗalibai suka saba tuntuɓe. Na farko shi ne batun datti: abin da ake nufi shi ne fitsari da gumi da iskar kabon da muke fesarwa, waɗanda jiki ne ya samar da su, amma bayan gida yawancinsa ragowar abinci ne da bai narke ba. Na biyu shi ne girma. Tudun rairayi yana ƙaruwa idan iska ta jibgo masa yashi, amma ƙari ne daga waje, alhali ɗan akuya yana shan nono ya mayar da shi tsoka da ƙashi da gashi, ya gina kansa daga ciki.

Wuta tana ci, tana girma, tana yaɗuwa, kuma tana mutuwa idan ta rasa iska. Me ya sa ba a lissafa ta cikin masu rai?

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ke nuna dalilin da ya sa jerin siffofi bakwai bai wadatar ba. Wuta ba ta da tantanin halitta, wato ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin kowane mai rai da shi, ba ta da wani tsari na cikin jiki da take karewa, kuma ba ta gadar da komai. Idan aka ɗebi garwashi daga murhun itacen kirya aka kunna kara da shi, sabuwar wutar za ta ɗauki halin karan da take ci, babu abin da ta gado daga wutar farko. Amma idan aka shuka gero, gero ne zai fito, domin a cikin ƙwayar akwai sinadarin gado da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da bayanin yadda za a gina sabon tsiron. Haka kuma mai rai yana daidaita cikin jikinsa komai sauyin da aka samu a waje, kamar yadda zafin jikin mutum ke zama kusa da digiri 37 ko ana tsakiyar hunturu ko ana zafin bazara.

Tsiro ba ya tafiya kuma ba shi da hanci. Ta yaya za a ce yana motsi, yana numfashi?

Motsin tsiro a hankali yake, shi ya sa ido ba ya kama shi sai an lura. Wanda ya je gonar gyaɗa da almuru zai tarar da ganyayen sun naɗe, da safe kuma sun buɗe, kuma haka ganyen tsamiya yake yi. Shukar da aka ajiye a ɗaki tana karkata wajen taga, saiwa tana nufar ƙasa ko da an kifa irin lokacin shuka, duma kuma yana miƙa yaɗonsa har ya sami danga ya nannaɗe ta.

Game da numfashi, iska tana shiga ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani. Ya kamata a raba abubuwa biyu a nan. Da rana tsiro yana amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da iskar kabon ya samar da sukari, ya saki iskar oksijin. Numfashi kuwa, wato ƙona wannan sukari don samun kuzari, yana yin sa dare da rana ba hutu, kuma saiwa ma tana yi. Wannan ne ya sa masara ke yin ɗorawa-ɗorawa ta mutu idan ruwa ya kwanta a gona na kwanaki, domin saiwarta ta rasa iska, alhali shinkafa tana jurewa saboda tana da hanyoyin iska a cikin jikinta da ke kai oksijin har ƙasa.

Irin da aka ajiye a rumbu, bai ci ba bai girma ba, yana da rai?

Yana da rai, sai dai ya rage ayyukan jikinsa har sun kusa tsayawa. Yana numfashi kaɗan-kaɗan, kuma idan ya sami laima numfashin sai ya ƙaru, wanda yana cikin dalilan da ke sa hatsin da bai bushe sosai ba ya yi ɗumi a rumbu ya lalace. Wasu irin suna daɗewa ƙwarai a wannan hali. A shekarar 2005 an tsirar da ƙwallon dabino da aka tono a Masada, kusa da Tekun Gishiri, wanda ya kai kimanin shekara dubu biyu. Irin ƙuduji yana iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara goma, ba zai tsiro ba sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. A cikin dabbobi ma akwai misali a kusa da mu, wato gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da majina, ta yi watanni tana shaƙar iska da huhunta har ruwa ya dawo.

Mene ne tantanin halitta, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa?

Tantanin halitta shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a iya cewa yana da rai, kuma da shi aka gina jikin kowane mai rai kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Wasu halittun tantani ɗaya ne kacal, jikin babban mutum kuwa yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30. Robert Hooke na Ingila ne ya fara bayyana shi a 1665, lokacin da ya duba ɓawon itace a madubin ƙara girma ya ga wasu ƙananan ɗakuna a jere. Bayan 'yan shekaru Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holand, ya ga ƙananan halittu suna iyo a cikin ɗigon ruwa. A 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duk da tantani aka gina su.

Muhimmancinsa ga karkasawa shi ne tantani iri biyu ne. Akwai wanda sinadarin gadonsa ke killace a cikin wata cibiya, kamar na mutum da kuka da naman kaza, akwai kuma wanda ba shi da wannan cibiya, kamar na bakteriya. Wannan bambanci ya fi wanda ke tsakanin giwa da ciyawa zurfi.

Muna da sunayenmu na itatuwa da dabbobi. Mene ne amfanin wani tsari da wasu sunaye?

Sunayen Hausa taska ce, kuma duk mai son wannan ilimi ya kamata ya fara da su. Manomi da makiyayi da mai maganin gargajiya suna bambance ɗaruruwan tsirrai da ido, kuma wani likita mai suna J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi tun 1916. Sai dai sunan gari yana da iyaka ta fuska biyu. Abu ɗaya yakan sami sunaye da yawa: itacen da wasu ke kira dogon yaro, wasu darbejiya suke ce masa, wasu maina, a Nijar kuma bedi, amma ko a Indiya inda ya samo asali masana sun san shi da suna ɗaya, Azadirachta indica. Sannan suna yakan bi kamanni ya saɓa wa dangantaka. Raƙumin dawa, irin wanda ke yawo a yankin Kure na Nijar, ya fi kusa da shanu da barewa fiye da raƙumi, kuma zogale da wasu ke kira bagaruwar Makka ba dangin bagaruwa ba ne. A wani wurin kuma sunan yakan dace, domin jakin dawa da jaki da doki gidansu ɗaya ne.

Su wane ne suka kafa wannan ilimi?

Aristotle na Girka ya raba dabbobi zuwa masu jini da marasa jini fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. A ƙarni na tara, al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitab al-Hayawan a kan halayen dabbobi, Abu Hanifa al-Dinawari kuma ya rubuta Kitab al-Nabat a kan tsirrai. Tsarin da duniya ke bi yau ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778. Shi ya tabbatar da al'adar ba kowace halitta suna mai kalma biyu, kuma ana fara lissafin sunayen tsirrai daga littafinsa na 1753, na dabbobi kuma daga na 1758.

Kalmar farko ta gida ce, wato tarin jinsunan da ke da dangantaka ta kusa, ana fara ta da babban baƙi, ta biyu kuma ta jinsi ce, da ƙaramin baƙi. Kuka ita ce Adansonia digitata, an sa mata sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal, kalma ta biyu kuma tana nuni ga ganyenta mai kama da yatsun hannu. Ɗorawa ita ce Parkia biglobosa, don tunawa da Mungo Park, wanda ya rasu a kogin Kwara kusa da Bussa.

Waɗanne matakai ake bi wajen karkasawa?

Matakan takwas ne, kowanne yana cikin na samansa, kamar yadda gida ke cikin unguwa, unguwa a cikin gari, gari a cikin gunduma, gunduma a cikin masarauta. A nan za mu kira su daula, masarauta, rukuni, aji, sahu, dangi, gida da jinsi. Zaki yana daular masu cibiya a tantaninsu, a masarautar dabbobi, a rukunin da ya ƙunshi masu ƙashin baya, a ajin masu shayarwa. Sahunsa na masu cin nama ne, inda yake tare da kare da dila da kura da tunku, danginsa na kyanwa ne, gidansa kuma Panthera, inda yake zaune da damisa. Shi Panthera leo ne, ita kuma Panthera pardus. Duk matakin da aka sauko, halittun suna raguwa, kamanninsu kuma yana ƙaruwa.

Mene ne jinsi, kuma ina matsayin alfadari?

Ma'anar da aka fi amfani da ita ita ce, jinsi tarin halittu ne da ke iya barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'yan da su ma za su iya haihuwa. Balami da uda da 'yankasa sun bambanta a girma da launi, amma duk tumaki ne, jinsi ɗaya. Doki da jaki kuwa jinsi biyu ne. Idan jaki ya hau goɗiya akan sami alfadari, dabba mai ƙarfi da juriya, sai dai kusan kullum ba ya haihuwa, saboda doki yana da ƙunshin sinadarin gado guda 64 a tantaninsa, jaki yana da 62, alfadari kuma ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa daidai lokacin samar da ƙwayar haihuwa. Wannan ma'ana ba ta aiki ga halittun da ba sa barbara, kamar bakteriya da ke rabuwa biyu kawai, don haka su akan auna su da kamannin sinadarin gadonsu.

Masarautu nawa ne? Wani littafi ya ce biyu, wani biyar, wani shida.

Kowanne yana nuna zamaninsa ne. Linnaeus ya raba masu rai zuwa tsirrai da dabbobi. Da madubi ya nuna halittun da ba su shiga ko ɗaya ba, sai Ernst Haeckel ya ware musu masarauta ta uku a 1866. A 1969 Robert Whittaker na Amurka ya kawo tsarin masarautu biyar, wanda shi ne yawancin littattafan sakandare ke koyarwa: bakteriya, ƙananan halittu masu cibiya da ake kira furotista, dangin naman kaza, tsirrai da dabbobi. A 1977 Carl Woese ya gano cewa halittun da ake haɗawa a kira bakteriya kashi biyu ne masu nisa da juna, wato bakteriya na ainihi da arkiya, abin da ya mayar da masarautun shida, kuma a 1990 ya gabatar da dauloli uku: bakteriya, arkiya da masu cibiya. Arkiya suna rayuwa a ruwan gishiri da maɓuɓɓugan ruwan zafi, suna kuma nan a tumbin shanu inda suke samar da iskar da saniya ke gyatsarwa. Ɗalibi ya amsa jarrabawa da tsarin da ke manhajarsa, amma ya san cewa binciken ya riga ya wuce nan.

Naman kaza yana fitowa daga ƙasa. Me ya sa ba tsiro ba ne?

Domin ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Abin da muke gani a sama bayan ruwan sama wurin yaɗa iri ne kawai, ainihin jikin wasu siraran zarurruka ne da ke cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace, suna fitar da ruwan da ke narkar da abinci a waje sannan su tsotse shi. Binciken sinadarin gado ya nuna cewa wannan masarauta ta fi kusa da dabbobi fiye da tsirrai. A cikinta akwai yis da ke kumbura burodi, da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da abin da ke kawo makero a kan yara. Daga wata funfuna ce Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a 1928, wata kuma, Aspergillus flavus, tana kama gyaɗa da masarar da aka adana da laima ta bar musu gubar da ke lalata hanta.

Shin duk bakteriya cuta ce?

A'a, masu kawo cuta kaɗan ne ƙwarai a cikinsu, ko da yake ɓarnarsu babba ce, tunda su ke kawo tarin fuka da kwalara da taifot da sanƙarau da ke ɓarkewa lokacin zafi. Sauran kuwa da su muke rayuwa. Bakteriya ce ke mayar da madara nono mai tsami, ita ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, ita ke mayar da kashin dabbobi taki. Wanda ya tuge wake ko gyaɗa ya duba saiwar zai ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle, kuma a cikinsu akwai bakteriyar da ke kama sinadarin naitirojin daga iska ta ba tsiron. Ke nan al'adar kakanninmu ta haɗa gero da wake a gona ɗaya tana da tushe mai ƙarfi. A gefen Tafkin Chadi kuma matan Kanembu sun daɗe suna tace wani koren abu daga kududdufan kanwa, su shanya shi su yi miya, kuma shi ma wani nau'in bakteriya ne mai haɗa abinci da hasken rana.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro fa, da bairos, ina aka sa su?

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium, tantani ɗaya ce mai cibiya, saboda haka tana cikin furotista tare da ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganinta a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880.

Bairos kuwa yana bakin iyaka. Ba shi da tantani, ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya girma, ɗan guntun sinadarin gado ne a cikin kwanso. Idan yana waje kamar ƙura yake, amma da zarar ya shiga tantanin wani mai rai sai ya tilasta masa ƙera dubban irinsa. Saboda haka ba a sa shi a kowace masarauta ba, an yi masa nasa tsarin daban. Ƙyanda da shan inna da haukan kare da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, duk aikin bairos ne. Wannan bambanci yana da nauyi a aikace, domin magungunan kashe bakteriya suna kai hari ne ga sassan jikin bakteriya, waɗanda bairos ba shi da su. Wanda ya sha irin wannan magani saboda mura ya ɓata kuɗinsa, kuma ya taimaka wa bakteriyar da ke jikinsa ta saba da maganin har ya daina yi mata aiki.

Yaya ake raba tsirrai?

Akwai marasa fure, waɗanda suka fi yawa a wurare masu laima, akwai kuma masu fure, waɗanda jinsunansu suka kai kimanin dubu 300 kuma kusan duk abincinmu daga gare su yake. Masu fure akan raba su bisa yadda irinsu ke tsirowa. Gero da dawa da masara da shinkafa da rake da albasa suna fitowa da ganyen farko guda ɗaya, jijiyoyin ganyensu a miƙe suke, saiwarsu kuma kamar gashi. Wake da kuɓewa da mangwaro suna fitowa da ganye biyu, jijiyoyin ganyensu kamar raga. Bisa wannan ma'auni giginya da goruba da dabino, duk tsawonsu, sun fi kusa da gero fiye da kuka.

A matakin dangi ne abin ya fi ban sha'awa, domin a nan ake ganin fure da 'ya'ya sun fi girman jiki faɗin gaskiya. Kuka da auduga da kuɓewa da rama da yakuwa da goro dangi ɗaya ne, kuma wanda ya ajiye furen kuɓewa kusa da na auduga zai ga shaidar da idonsa. Ɗorawa da tsamiya da gawo da bagaruwa dangin wake ne, dukansu suna ba da 'ya'ya a cikin kwanso. Gurjiya da gyaɗa duk suna binne 'ya'yansu a ƙasa, amma gurjiya gidansu ɗaya da wake, wato Vigna, kuma 'yar Afirka ce, gyaɗa kuwa gidanta daban, daga Kudancin Amurka aka kawo ta. Dankalin Turawa dangin tumatir da barkono da gauta da taba ne, dankalin Hausa kuma wani dangi ne daban, suna kawai suka haɗa.

Dabbobi fa? Jemage tsuntsu ne?

Jemage ba tsuntsu ba ne, yana da gashi maimakon gashin tsuntsu, yana haihuwa, yana shayar da ɗansa nono, saboda haka ajinsu ɗaya da akuya. Haka ma ayu da ke kogin Binuwai da Kwara: a ruwa yake rayuwa, amma da huhu yake numfashi kuma yana shayarwa. Jimina ba ta tashi, amma tsuntsuwa ce cikakkiya. Masu ƙashin baya bisa al'ada an raba su biyar, wato kifaye, dangin kwaɗi, masu jan ciki irin su maciji da damo da kunkuru, tsuntsaye da masu shayarwa. Binciken baya-bayan nan ya ƙara nuna cewa kada ya fi kusa da tsuntsaye fiye da ƙadangare, kura kuma duk da kamanninta da kare ta fi kusa da kyanwa.

Amma masu ƙashin baya 'yan tsiraru ne, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na jinsunan dabbobi ba su da shi. A Hausa kusan duk ƙaramin abu mai rarrafe ƙwaro ne, masana kuwa sun keɓe ajin ƙwari ga masu ƙafa shida da jiki kashi uku, kamar fara da sauro da ƙuda da zuma. Gizo-gizo da kunama da kaska ƙafa takwas gare su, ajinsu daban. Gara ma, wadda mutane da yawa ke ɗauka 'yar'uwar tururuwa ce, ta fi kusa da kyankyaso.

Me ya sa ake canja wa halitta suna bayan an riga an sa mata?

Saboda sunan yana ɗauke da hukunci game da dangantaka, kuma idan sabuwar hujja ta zo dole hukuncin ya bi ta. An daɗe ana kiran gawo Acacia albida, amma itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani ya bambanta da sauran ta fuskoki da yawa, sai aka ware masa gidansa, ya zama Faidherbia albida. Daga baya binciken sinadarin gado ya nuna cewa itatuwan da ake tarawa a gidan Acacia ba asalinsu ɗaya ba, taron masana tsirrai na duniya kuma ya bar sunan ga na Ostireliya a 2005. Shi ya sa bagaruwar da majema ke jima da ita ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba da ƙaro kuma ta koma Senegalia senegal. Wanda ke karanta tsofaffin rahotannin gona zai ci gaba da cin karo da sunayen farko, don haka sanin duka biyun yana da amfani.

Ina aka sa ɗan Adam a wannan tsari?

Ta fuskar ginin jiki, mutum yana da tantani mai cibiya, yana cin abin da wasu halittu suka samar, yana da ƙashin baya, yana da gashi, uwa kuma tana shayar da jaririnta, don haka aka rubuta shi cikin masu shayarwa da sunan Homo sapiens. Wannan bayani ne na jiki, bai taɓa darajar ɗan Adam ko hankalinsa ko amanar da ke wuyansa ba, waɗannan ba a auna su da madubi. Abin da tsarin ya tabbatar shi ne duk mutanen duniya, baƙi da fari, jinsi ɗaya ne. Kamannin jikinmu da na sauran masu shayarwa kuma shi ke sa a iya gwada magani a jikin ɓera kafin a ba mutum, shi ke kuma sa wasu cututtuka su tsallako mana daga dabbobi, kamar tarin fukan shanu da ake iya ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba.

An gama gano duk halittun da ke duniya?

Ko kusa. Jinsunan da aka ba suna sun kai kimanin miliyan biyu, kusan rabinsu ƙwari ne, tsuntsaye kimanin dubu 11, masu shayarwa kuma sun haura dubu shida. Wani ƙiyasi da aka buga a 2011 ya ce masu cibiya kaɗai za su kai miliyan 8.7, ban da bakteriya. Kowace shekara ana bayyana dubban sababbin jinsuna, yawancinsu daga ƙasashe masu zafi irin namu.

Wane amfani manomi zai samu daga sanin dangin tsiro?

'Yan dangi ɗaya sukan haɗa cuta da ƙwari, kuma sanin wannan yana gyara tsarin juya shuka. Tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, wadda aka fi sani da suna Tuta absoluta, tana rayuwa a jikin dankalin Turawa da gauta, don haka mai lambun da ya cire tumatir ya sa ɗaya daga cikinsu bai yanke mata abinci ba. Gara ya bi da albasa ko masara, waɗanda ba danginsu ba ne.

Ƙuduji ma ba jinsi ɗaya ba ne. Wanda ke tsotsar dawa da gero da masara shi ne Striga hermonthica, mai kama wake kuma Striga gesnerioides ne, kuma kowanne yana da tsiron da yake iya maƙalewa. Idan aka shuka waken soya ko auduga a gonar da ƙudujin dawa ya addaba, saiwarsu tana fitar da sinadarin da ke tayar da irin ƙudujin ya tsiro, amma ba ya samun wurin kamawa, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki. Idan aka maimaita haka na wasu damuna, aka kuma riƙa tuge wanda ya fito kafin ya yi fure, irin da ke kwance a ƙasa yana raguwa kafin a sake mayar da gonar ga dawa.